Waƙa ta Bakwai

Ruwa ya kwana yana zuba a Porto,
kogin Douro ya koma kalar shayin da aka manta a kofi.
Na buɗe shago, na goge faifan da gefen riga,
na sauke allura a hankali
kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jinjiri.

Wasu yara huɗu ne daga Matosinhos suka yi shi
a tsohon ɗakin ajiyar kifi da suka kama haya.
Ba kamfani, ba ubangida.
Hoton bangon ma kujera ce mai ƙafa uku.

Belmiro, da ya shekara talatin yana tuƙa taragon lantarki,
bai bari ta farko ta kai rabi ba.
"Ina hanyar? Ni da dogo na saba.
Mai gangar nan tafiyar wanda ya yi tatil yake yi,
ya taka uku, ya tsallake ɗaya,
ka ɗaga ƙafa za ka bi shi, ya ɓace."
Ya ɗauki lemarsa. Bai tafi ba.

Zulmira ta shigo da takalmin asibiti,
ido jajur, ta kwana a kan marasa lafiya.
Ba ta tanka ba sai da saksofon ya shigo a makare
kamar baƙon da ya ɓatar da adireshi,
hucinsa ya fi busarsa yawa.
"Haka numfashi yake da ƙarfe huɗu na dare.
Wanda bai taɓa kwana a bakin gadon wani ba
shi zai ce kuskure ne."

Telmo ɗan jami'a ya zo da biro a kunne.
Ya lissafo sunayen salo goma sha biyu,
ya ce jaz ne amma ba jaz ba ne,
ya ce muryar yarinyar gilashi ce aka tsoma a zuma.
Belmiro ya dube shi: "Yaro, ka karya kuwa?"

Sai waƙa ta bakwai.
Fiyano shi kaɗai, da kukan butar shayi can nesa,
da maɓalli guda da ya kauce,
kowane zagaye sai an koma masa
yadda harshe ke komawa kan haƙori mai ciwo.
Graciete mai gyaran fiyano ta runtse ido.
"Minti goma. Su ba ni minti goma da sifana,
in daidaita musu shi kyauta."
Zulmira ta ce, "Kika taɓa shi, kin kashe waƙar."
Aka yi ta musu har butar ta yi shiru,
har allura ta kai gaɓa tana ƙas, ƙas, ƙas,
ba wanda ya tashi ya ɗage ta.

Guda shida aka kawo mini.
Telmo ya yaba, aljihunsa ya ce a'a.
Zulmira ta ce ba za ta kai dare gida ba,
wanda take kwana a cikinsa ya ishe ta.
Graciete ta sayi ɗaya
don ta nuna wa yaran aikinta abin da ba a yi.

Ran Alhamis sai ga Belmiro, lema a hammata,
ya zube Yuro ashirin da biyu a kan kanta.
"Har yanzu dai hayaniya ce.
Amma jiya ina wanke kwano
na ji ƙafata ta taka uku ta tsallake ɗaya.
Naɗe mini, kada ya jiƙe."

Ni ba a tambaye ni ba, ban kuma ce ba.
Mai haja ba ya kushe hajarsa,
yabonsa kuma ba ya wuce bakin ƙofa.
Sai dai in na ja ƙyaure, na kashe fitilar gaba,
nakan tsallake shida,
in tsaya da tsintsiya a hannu
ina jiran maɓallin nan ya zo
a karkace, yadda ya saba.